Lambar da za ku sa a cmake_minimum_required

'Yan'uwa masu rubuta manhajar da kowa ke iya ɗauka ya gyara, kafin ku cike layin cmake_minimum_required, wanda ke faɗin mafi ƙanƙantar lambar sigar CMake (manhajar da ke tsara yadda za a gina aiki) da aikinku zai yarda da ita, ku duba abin da ke kwamfutocin masu amfani da aikinku, ba taku kaɗai ba. A cikin nau'o'in Linux, Ubuntu 22.04 na zuwa da CMake 3.22, Debian 12 da 3.25, Ubuntu 24.04 kuma da 3.28. In kun rubuta 3.28 don ita ce a hannunku, mai Debian 12 zai tsaya cak tun a layin farko, kuma ba kowa ke da haƙurin girko sabuwa ba.

Kada kuma ku koma baya sosai. Lambar nan ita ce ke zaɓar tsohon hali ko sabo da CMake zai bi, sannan CMake 4.0 ya daina karɓar abin da bai kai 3.5 ba.

Ni dai 3.22...3.28 nake rubutawa: a yarda da 3.22, amma wanda ke da sabuwa ya samu halinta har zuwa 3.28.

Don Allah ku girka ita 3.22 ɗin, ku gina aikin da ita. Na taɓa sa lamba ban gwada ba, ashe na yi amfani da umarnin da sai a sigar gaba ya shigo.