Abin da ke hana buluberi nuna a lambun gida a Jos, da yadda ake gyara shi

Mutanen Jos sun daɗe da sanin sitiroberi, wanda ake nomawa a wajen Chaha da Vom, shi ya sa da yawa suke ɗauka cewa buluberi ma zai bi wannan hanyar tunda garin yana da sanyi. Buluberi kuwa tsiro ne da asalinsa yake Arewacin Amurka, kuma bukatunsa sun sha bamban. Kukan da aka fi ji daga masu shuka shi a gida shi ne 'ya'yan sun fito amma sun tsaya a kore ko ja-ja, ko kuma sun yi shuɗi amma tsami ya hana a ci. Abin da mai lambu ya fi saurin yi shi ne ƙara taki, alhali sau da yawa takin ne yake ƙara dagula al'amarin.

Kafin a zargi komai, a fara tabbatar da cewa akwai matsalar. Daga fure zuwa nuna, buluberi yana ɗaukar kimanin wata 2 zuwa 3 gwargwadon iri, kuma 'ya'yan da ke kan reshe ɗaya ba sa nuna tare, sai dai a riƙa tsinka kaɗan-kaɗan na tsawon makonni. Shuɗin fata ba shi ne nuna ba, domin ɗan yakan bukaci ƙarin kwana 3 zuwa 7 a jikin uwarsa kafin zaƙi ya shiga. A juya shi a duba wajen da ya haɗu da tsinkensa: idan akwai sauran ja ko kore a wurin, a ƙyale shi. Nunanne da an taɓa shi yake faɗowa a tafin hannu. Ba kamar mangwaro ba ne da ake rufewa a kwali ya ƙarasa, domin buluberi da aka tsinka ɗanye yana iya ƙara duhu amma zaƙinsa ba ya ƙaruwa.

Idan lokaci ya wuce kuma 'ya'yan ba su motsa ba, to ganye za a duba, domin ganye ne yake haɗa sukarin da ke shiga cikinsu. Sababbin ganye da suka yi rawaya alhali jijiyoyinsu suna nan kore shar alama ce ta cewa tsiron ya kasa jan sinadarin ƙarfe daga ƙasa, kuma dalilin kusan kullum shi ne ƙasar ba ta da isasshen tsami. Ana auna tsamin ƙasa da ma'aunin pH, inda ƙaramar lamba take nufin tsami mai yawa, kuma buluberi yana son pH tsakanin 4.5 da 5.5, wanda ya yi ƙasa da abin da tumatir ko kabeji suke so. A nan ne al'adunmu na lambu suke cutar da shi: toka da farar ƙasa suna kashe tsamin ƙasa, kashin kaji kuma, musamman ɗanye, yana ƙona saiwarsa. A auna ƙasar da ɗan abin gwaji na pH maimakon a yi ta kintace. Idan ta haura 5.5, a barbaɗa garin farar wuta kaɗan a gauraya da saman ƙasar, tare da sanin cewa aikinsa yana ɗaukar watanni, saboda haka 'ya'yan baɗi ake ceto da shi fiye da na bana. Wajen takin zamani, wanda ya dace shi ne amoniyam salfet, kaɗan-kaɗan, domin tsiron ba ya amfana sosai da taki mai naitiret. A ganina, shuka shi a babbar tukunya mai cike da ɓawon itacen fain (pine) da ruɓaɓɓen ganyensa ya fi sauƙi a kan kokawa da ƙasar tsakar gida, wadda sau da yawa burbushin siminti ya riga ya gauraya da ita.

Ruwa ma yana da hannu. Saiwar buluberi siririya ce kuma ba ta nitsewa can ƙasa, saboda haka bushewar 'yan kwanaki a watan Fabrairu ko Maris ta isa ta sa 'ya'yan su ƙanƙance su yamutse. A riƙe ƙasar da danshi ba tare da ruwa ya kwanta ba, a kuma lulluɓe gindin da ɓawon itace. Ruwan burtsatse a wasu unguwanni yana ɗaga pH sannu a hankali, don haka ruwan sama da aka tara ya fi. A watan Agusta kuwa matsalar takan juya, tukunyar da ba ta da isassun huji sai ta ruɓar da saiwa.

Akwai kuma batun iri, wanda babu takin da zai gyara. Irin su Bluecrop da Duke suna bukatar kimanin awa 800 zuwa 1,000 na sanyin da ma'aunin zafi bai haura digiri 7 na Selsiyas ba kafin su farka daga hutun hunturu yadda ya kamata, kuma hunturun Jos, duk da tsawon tudun ya haura mita 1,200, ba ya kaiwa ko kusa. Tsiron da bai ƙoshi da sanyi ba yakan yi fure a warwatse, ganye kuma ya makara, sai a ga 'ya'ya a kan rassa tsirara babu abin da zai ciyar da su. Irin da ke da ƙarancin bukatar sanyi, kamar Biloxi da ake nomawa a Meziko da Peru, ko Sharpblue da Misty, su ne suka fi dacewa. Ko da irin ya dace, reshen da 'ya'ya suka fi ƙarfin ganyensa ba zai nunar da su da kyau ba. A rage ƙananan tun suna kore, a datse raunanan rassa bayan girbi, sannan a cire furen tsiron da bai wuce shekara 1 zuwa 2 ba domin ya fara gina jikinsa.

Ɗan da ya ƙi girma ya kuma makara, a fasa shi a ƙirga ƙwayoyin ciki. Idan ba su da yawa, barbarar fure ce ba ta yi kyau ba. Shuka iri biyu kusa da juna yana ƙara girman 'ya'ya ya kuma gaggauta nunarsu, kuma a daina fesa maganin ƙwari lokacin fure domin ƙudan zuma su samu shiga. A kuma lura da inuwar katanga ko ta bishiya, tunda tsiron yana bukatar rana ta awa 6 zuwa 8.

Idan kuwa 'ya'yan suna laushi suna ruɓewa daidai lokacin nuna, da ɗigo-ɗigo masu launin ruwan lemo ko furfura mai launin toka a jikinsu, cutar fumfuna ce da danshin damina yake kawowa. A tsince waɗanda suka kamu a fitar da su daga lambun, a rage cunkoson rassa don iska ta ratsa, a riƙa zuba ruwa a gindi kawai. Wanda kullum ja-ja kaɗai yake tararwa da safe ya rufe tsiron da raga tun 'ya'yan suna fara canza launi, domin mai yiwuwa tsuntsaye ne suke riga shi kwashe masu shuɗin.