Yesterday noun ne ko adverb? Inda ɗalibai suka fi tafka kuskure

Wallahi ba komai ke kayar da yara a tambayoyin parts of speech (wato rabe-raben kalmomin Turanci) ba sai hadda, malam ya ce yesterday adverb ne shikenan an riƙe kamar karatun allo har ranar WAEC. To a "I came yesterday" eh adverb ne, wato bayanau, yana faɗa maka yaushe aka zo. Amma "Yesterday was Friday" fa? Nan shi ake magana a kansa, ya koma noun kenan, suna. Ai mu ma haka muke yi, "na zo jiya" daban, "jiya ta fi yau" daban. Today da tomorrow duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Sai masu cewa duk kalmar da ta ƙare da ly adverb ce. Ina! Daily a "daily newspaper" adjective ce, sifa, jaridar take siffantawa, sai a "she reads daily" take zama adverb. Early da weekly ma haka.

Inda aka fi shan wuya kuwa before, after da since ne, kuma gaskiya abin ba wuya in ka daina kallon kalmar ita kaɗai ka duba me ya biyo bayanta. In suna ne ya biyo, kamar "after lunch" ko "since Monday", preposition ce, wato kalmar da ke zuwa kafin suna tana danganta shi da sauran zance. In jimla ce sukutum da aikatau ɗinta, "after we ate", "since he left", ta zama conjunction don ta haɗa zance biyu. In kuma ta tsaya tilo ba kowa a bayanta, "I have seen him before", adverb ce. Kalma ɗaya aiki uku, ni ma sai da na daɗe kafin ya zauna min.

Last week kuma, last sifa, week suna, amma in sun haɗu a "I travelled last week" aikin adverb suke yi, shi ya sa ba a saka "on" ko "in" kafin su. Everyday a haɗe sifa ce, "everyday clothes", kayan yau da kullum, in kana nufin kullum raba su, "I pray every day".

Shi kuma next tomorrow da muke ta rubutawa a WhatsApp, a jarabawa kar ka soma, jibi dai the day after tomorrow ne.