Sayar da Rarar Wutar Sola a Birtaniya: Shawara ga Sababbin Zuwa

Wanda ya taso a Kano ko Damagaram ya san sola a matsayin maganin ɗauke wuta da ƙarar janareta, shi ya sa idan ana maganarta a gida batir ake fara tambaya, a ji awa nawa zai riƙe fanka da firji. A Birtaniya ba haka lissafin yake ba. Ba kasafai ake ɗauke wuta ba, kuma allunan da kake hangowa a kan rufin gidaje haɗe suke da babban layin wuta na ƙasa, ta yadda duk abin da gida bai sha ba da rana sai ya fita zuwa layin, a biya mai gidan kuɗinsa. Akwai ma abin da ke ba mutanenmu mamaki: ranar da aka ɗauke wuta, inbata ita ma tsayawa take yi da kanta domin kada wutar gidanka ta kama ma'aikatan da ke gyaran layi, sai fa idan an yi wa gidan wani haɗi na musamman.

Tsarin biyan ana kiransa Smart Export Guarantee, a taƙaice SEG, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020, kuma Ofgem, hukumar da ke kula da harkar wuta da gas, ita ce ke sa ido a kansa. Ya shafi Ingila da Sikotilan da Wales, ban da Ireland ta Arewa. Doka ta wajabta wa duk kamfanin wuta mai gidaje 150,000 ko fiye ya sayi rarar wutar, amma ba ta yanke masa farashi ba, iyaka dai ta ce kada ya zama sifiri. Wannan gaɓa ita ce ya kamata sabon zuwa ya riƙe da kyau, domin a nan ake samu, a nan kuma ake asara.

Ana ƙirga wutar da yunit, wato kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya, ana kuma biya da kwabo, wanda ɗari nasa ke yin fam ɗaya. A 2024 kamfanin Octopus yana biyan masu sayen wuta a wurinsa kwabo 15 a kan kowane yunit, alhali a daidai lokacin akwai kamfanonin da ba su kai kwabo 5 ba. A ɗauki gida mai sola ta kilowat 4, wadda a Ingila takan ba da yunit wajen 3,500 a shekara, a ce rabi ne ya fita zuwa layi. A kan kwabo 15 mai gidan zai karɓi kusan fam 260, a kan kwabo 4 kuwa fam 70 kacal zai gani, alhali rufin ɗaya ne, hasken ranar ma ɗaya ne. Ba dole ba ne ka sayar wa kamfanin da kake sayen wuta a wurinsa, sai dai mafi yawansu suna ajiye farashi mai tsoka ne domin abokan cinikinsu, ko waɗanda su suka ɗora musu allunan. Farashin kuma yana sauyawa, don haka a duba na ranar kafin a sa hannu, a kuma tambaya ko tsayayye ne na shekara guda ko mai hawa da sauka.

Abin da ya fi damuna shi ne yawan mutanen da ke zaton kuɗin da kansa yake zuwa. Sai ka nema. Na san wani ɗan'uwa da ya sayi gida da allunan sola a kai, ya yi sama da shekara yana jiran ya ga ragi a takardar wuta. Ranar da na je masa muka buɗe akwatin mita a bakin ƙofa, muka yi ta danna maɓalli har lambar wutar da ta fita ta bayyana, sai ga yunit fiye da dubu da ya tura wa layi kyauta. Kuɗin bai fara shigo masa ba sai bayan da ya yi rajista.

Kafin a karɓi rajistarka za a nemi mita ta zamani wadda ke iya ƙirga abin da ya fita duk rabin awa, da takardar shaidar MCS ko makamanciyarta, wadda ke nuna cewa ma'aikaci mai lasisi ne ya yi aikin. Za a nemi kuma shaidar cewa an sanar da kamfanin da ke kula da layukan yankinku. Idan inbata ba ta wuce kilowat 3.68 ba, sanarwa bayan aiki ta wadatar, idan ta wuce sai an nemi izini tukuna. A gida mun saba kiran wani mai gyaran wuta da muka yarda da shi ya haɗa komai cikin rahusa, amma a nan aikin da ba shi da takarda zai iya hana ka kuɗin sam, ya kuma kawo maka cikas ranar da za ka sayar da gidan.

Mai shirin sayen gidan da ke da tsofaffin alluna ya ƙara bincike. Kafin SEG akwai tsarin Feed-in Tariff, wanda ya fara a Afrilun 2010 aka rufe shi ga sababbin shiga a ƙarshen Maris na 2019. Shi wannan yana biya a kan duk wutar da aka samar, ko da a cikin gida aka shanye ta, kuma waɗanda suka shiga da farko sun samu fiye da kwabo 40 a yunit na tsawon shekara 25. Idan gidan yana kan wannan tsari, a sa lauya ya tabbatar an mayar da shi da sunanka. Wasu gidajen kuma haya aka ba wani kamfani rufinsu na shekaru masu yawa, allunan na kamfanin ne, kuɗin ma nasa ne, kuma wannan kan sa masu ba da bashin gida su ja da baya. Ɗan haya, wanda shi ne halin yawancinmu a shekarun farko, ya tambayi mai gida tun kafin ya tare wane ne ke karɓar kuɗin rarar, domin galibi na mai allunan ne, shi ɗan hayan ribarsa wutar da ya sha da rana.

Kuma wannan ribar ba ƙarama ba ce. A ƙarshen 2024 ana sayen yunit ɗaya daga layi a kan kusan kwabo 24 da rabi, wato yunit ɗin da ka yi amfani da shi da kanka ya fi wanda ka sayar daraja, ko da ka dace da kamfani mai biya da kyau. Saboda haka hikima ita ce a mayar da wanki da guga da dumama ruwa zuwa tsakiyar rana. Batir yana taimaka wa gidan da kowa ke wurin aiki har yamma, amma yana da tsada, sai an zauna an yi lissafi. An dai cire harajin VAT a kan ɗora sola a gidaje tun Afrilun 2022 har zuwa ƙarshen Maris na 2027.

Kada kuma a auna hasken ranar Birtaniya da na gida. A Yuni rana takan kai wajen ƙarfe tara na dare ba ta faɗi ba, mita tana ta ƙirga maka, amma a Disamba kafin ƙarfe huɗu duhu ya shigo, abin da allunan za su bayar ko gidan ba zai isa ba. Duk mai tallar da ya nuna maka lissafin watan Yuni, ka nemi ya rubuta maka na shekara ɗungurungum.