Kurakuran da Aka Fi Yi a Lissafin Haɗin Gwiwa Kan Bayanan Sirri, da Hanyar Gyara Su

A 1982 Andrew Yao ya kawo matsalar attajirai biyu: suna son sanin wanda ya fi wani dukiya, amma ba wanda ya yarda ya faɗi abin da ya mallaka. Daga nan fannin da ake kira MPC ya tsiro, inda ɓangarori da dama ke haɗuwa su yi lissafi kan bayanansu, amsa ta fito, bayanin kowa kuma ya zauna a rufe. Abin ya daɗe da barin takarda. A Janairun 2008 manoma kusan 1,200 a ƙasar Denmak sun yi gwanjon izinin noman gwozar sukari ta wannan hanya, ba tare da kamfanin da ke sayen amfanin gonarsu ya ga tayin kowane manomi ba. Lissafin kansa ba kasafai yake cin amanar mutum ba. Sharuɗɗan da aka ɗora shi a kai ne masu gini ke takewa ba su sani ba.

Kuskuren farko, wanda ya fi kowanne tsada, shi ne ɗaukar cewa amsar ba ta tona komai. Alkawarin MPC ɗaya ne: ba wanda zai san fiye da abin da zai iya ganowa daga nasa bayanin da kuma amsar ƙarshe. To idan amsar ce mai surutu fa? Mutum biyu suka tara albashinsu a sirrance, jimilla ta fito 900, wanda ya sa 400 ya riga ya san na ɗan'uwansa 500 ne. Ko a tambayi jimillar ma'aikata 50 yau, gobe a tambayi ta 51, a debe wannan daga waccan, sirrin sabon ma'aikaci ya fito fili. Kafin a rubuta layi ɗaya na manhaja, a zauna a tambayi kai: mafi mugun nufi a cikinmu, me zai tsinta daga wannan amsa idan ya haɗa ta da amsoshin baya? A sa mafi ƙarancin adadin mutanen da za a fitar da amsa a kansu, a riƙa ajiye tarihin tambayoyi, domin sa adadi kaɗai ba ya hana dabarar 50 da 51. Inda za a yawaita tambaya, a zuba wa amsar hayaniya da aka auna, wato ɗan ƙari ko ragi na ƙuri'a mai ɓoye gudummawar mutum ɗaya, irin tsarin da Cynthia Dwork da abokan aikinta suka shimfiɗa a 2006.

Na biyu yana kama da tsaro a ido, amma fanko ne: kwamfutoci uku, hannu ɗaya. Tsare-tsare da yawa suna raba bayani gida uku bisa sharaɗin cewa biyu ba za su haɗa baki ba. Idan duk ukun suna ƙarƙashin asusu ɗaya a wajen kamfanin hayar kwamfutoci ɗaya, ko ma'aikaci ɗaya ke riƙe da mabuɗansu, ko ma'ajiyar ko-ta-kwana ɗaya ke kwashe kwafinsu kowane dare, to an yi tufka da warwara. Kowane kaso ya zauna a hannun hukuma dabam, da masu kula dabam, da mabuɗai dabam. A kuma rubuta adadin maciya amanar da tsarin zai jure. Sakamakon Ben-Or da Goldwasser da Wigderson na 1988 ya nuna cewa don cikakken tsaro, masu leƙe kawai dole su gaza rabin mahalarta, masu ha'inci da gangan kuma su gaza kashi ɗaya cikin uku. Ma'ana, a ƙarƙashin wannan sakamako, jure wa mai ha'inci ɗaya sai da mahalarta huɗu.

A wajen rabon sirri na Adi Shamir, na 1979, ƙananan abubuwa ne ke kayar da mutane, don haka mu duba shi da lambobi. Sirrin 5 ne, ana lissafi da ragowar rabawa da 11. A zaɓi lambar ƙuri'a, a ce 4, a kafa layi: 5 + 4x, kason kowa ya fito idan aka sa lambarsa a gurbin x. Mai lamba 1 ya karɓi 9, mai lamba 2 ya karɓi 2, mai lamba 3 ya karɓi 6. Kowane biyu za su iya dawo da 5, mutum ɗaya kuwa bai san komai ba. Yanzu a bar wani ya zaɓi lambarsa da kansa, ya ce 0. Kasonsa shi ne sirrin tsirara. Mai manhaja ya hana 0, sai ya dawo ya ce 11: 5 + 44 ya ba da 49, ragowarsa 5. Sirrin ya sake fita. Haka lamba 1 da 12 abu ɗaya ne a wannan lissafi, kuma idan suka haɗu wajen dawo da sirri sai a faɗa rabawa da sifili, manhaja ta tsaya. A ƙarshen 2021 kamfanin Trail of Bits ya bayyana irin waɗannan ramuka a manhajojin sa hannu na haɗin gwiwa da ake amfani da su a zahiri. Gyaran gajere ne: a fara ɗaukar ragowa, sannan a duba cewa lambar ba sifili ba ce kuma ba ta maimaitu ba.

Ita ma lambar ƙuri'ar, a samo ta daga majiyar da tsarin kwamfuta ya tanada don tsaro. Mersenne Twister, tsarin fitar da lambobin ƙuri'a da harsunan manhaja da yawa ke bayarwa kai tsaye, wanda ya ga lambobi 624 a jere daga gare shi zai iya hasashen duk na gaba.

Tarawa kyauta ce, kowa ya tara kasonsa a ɗakinsa. Ninkawa ce mai wuya. Idan aka ninka layi da layi, sakamakon lanƙwasa ne mai buƙatar ɗigo uku, wato kason mutum uku, ba biyu ba, kuma wanda ya ci gaba da ninkawa bai rage yawan ɗigon da ake buƙata ba, zai wayi gari mahalarta ba su isa dawo da amsar ba. Dabarar Donald Beaver ta 1991 ta sauƙaƙa wannan da 'yan uku: a, b, da c, inda c shi ne a sau b, duk a rarrabe a sirrance. Idan x da y ne sirrikan da ake son ninkawa, ana bayyana d, wato x − a, da e, wato y − b, sannan amsar ita ce c + db + ea + de. Sharaɗinta ɗaya, kuma ba sassauci: kowane 'yan uku sau ɗaya tak ake amfani da su. Idan a ya rufe x aka ga 5, ya sake rufe wata lambar aka ga 3, kowa ya san tazarar sirrikan biyu ita ce 2. Ba wanda ke maimaitawa da gangan. Abin da ke faruwa shi ne kwamfuta ta mutu ana tsakar aiki, a tayar da ita daga tsohon kwafi, ma'ƙidayi ya koma baya. Don haka a rubuta a faifai cewa an cinye 'yan ukun kafin a aika d da e, kuma duk lokacin da aka tashi daga kwafi a zubar da ragowar tarin baki ɗaya.

Sau da yawa kuma ana ɗauko tsarin da aka yi wa mai bin doka amma mai leƙe, a kai shi cikin abokan hamayya. Wanda ya ƙara 1 a kasonsa ya karkatar da amsa ba a sani ba. Tsari irin SPDZ na 2012 yana liƙa wa kowace lamba hatimin tantancewa, amma hatimin yana amfani ne kawai idan an duba shi kafin a saki amsa. Ko shi ma ba ya hana mutum shigar da bayanin ƙarya tun farko, sai a sa binciken iyaka a cikin lissafin. Kuma Richard Cleve ya tabbatar a 1986 cewa idan masu gaskiya ba su da rinjaye, ba a iya hana wani ganin amsa ya tsinke layi ya bar sauran a duhu. A tanadi abin da za a yi ranar da hakan ta faru.

Sai masu rubuta umarnin "idan" a manhaja a kan lambar sirri, wato idan kaza ne a bi wannan reshe, in ba haka ba a bi wancan. Bayyana reshen da aka bi ya tona lambar. A lissafa rassan biyu duka, a zaɓa da y + s(x − y), inda x da y ke sakamakon rassan biyu, s kuma ke 0 ko 1 a rufe. A kuma auna girman lambobi tun da wuri, domin jimillar da ta zarce iyakar filin lissafi, kamar 11 a misalinmu na baya, takan zagayo ta dawo ƙarama ba tare da wani gargaɗi ba.

Gwajin sauri a kan kwamfuta ɗaya yana yaudara, domin jiran saƙo ke cin lokacin. Lissafi mai zurfin ninkawa 1,000, wato ninkawa 1,000 da kowace ke jiran ta gabanta, a layin da saƙo ke ɗaukar milisakan 50 zai ɓata sakan 50 a jira kawai. A tattara duk ninkawar da ba ta dogara da juna ba a zagaye ɗaya. Idan zurfin ya yi yawa kuma ɓangarori biyu ne, ruɗaɗɗiyar da'irar Yao, inda ɗaya ke mayar da lissafin jerin ƙananan matakai a kulle ɗayan ya bi su, ta fi dacewa, tunda zagayenta ƙalilan ne komai zurfin aikin. Waɗannan matakai su ake kira ƙofofi, irin su AND da XOR, kuma a nan ƙofofin AND ake ƙirgawa: da dabarun 2008 da 2015 ƙofar XOR ba ta cin komai, AND kuma tana cin bait 32, saboda haka da'irar AES, sanannen tsarin kulle bayanai, mai ƙofofin AND 6,400 takan kai wajen kilobait 200 a kan waya.