Yadda za ka fara ƙaramin abu ka ɗore, ba sai ka jira Janairu ba

Duk ƙarshen Disamba sai mutum ya ɗau biro ya jera buri, zan sauke Alƙur'ani duk wata, zan tara miliyan, zan rinƙa gudu a filin Murtala Square na Kaduna kullum da asuba, kafin Fabrairu takardar ta ɓata. Ni ma na sha yi wallahi.

Ka zaɓi abu ɗaya tak, ka rage shi har ya zama abin dariya, sannan ka ɗaura shi a jikin abin da dama kake yi. Misali karatu: Alƙur'ani bugun Madina shafi 604 ne, in kana karanta shafi ɗaya bayan kowace salla, shafi biyar kenan a rana, cikin wata huɗu ka sauke, kuma ba ka ji a jikinka ba tunda dama kana zaune kan darduma, sai dai ka ajiye Alƙur'anin nan kusa ba can saman wadurof ba.

Kuɗi ma haka, naira 200 a asusu kullum dare 73,000 ce a shekara. In ka san hannunka da ƙaiƙayi shiga adashi.

Motsa jiki kuwa, in daga unguwar Kawo kake zuwa kasuwa sauka daga Keke Napep kafin inda ka saba, ka taka sauran.

Ranar da ka tsallake, ko sanyin hunturu ya danne ka a bargo, kar ka ce sai ka rama ninki biyu, nan ne mutane ke sarewa. Washegari kawai yi shafinka ɗaya, ka ja layi a kalandar bango.