Labari ɗaya, aji uku: yadda nake raba yara a makarantar Lahadi

Idan ka zaunar da ɗan shekara 4 da ɗan shekara 13 a benci ɗaya, ƙaramin zai ɓuge da kuka, babban kuma da hamma. Saboda haka kafin a nemi littafin darasi, a fara raba yaran.

Ni ba shekaru kaɗai nake bi ba. Ina duba ko yaron ya iya karatu, da kuma tsawon lokacin da yake iya zama wuri ɗaya. Yarinyar da take karanta aya da kanta, aji na tsakiya nake kai ta ko da sa'o'inta suna ƙasa. Dama makarantar Lahadin da Robert Raikes, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara wannan aiki, ya buɗe a Gloucester ta Ingila a 1780, karatu ta fara koya wa yaran da ke wuni aiki sauran ranakun mako.

Mu ɗauki labarin Zakka a Luka 19, gajeren mutumin nan da ya hau bishiya don ya ga Yesu, Yesu kuwa ya kira shi ya sauko.

Ga 'yan shekara 3 zuwa 6, kada labarin ya wuce minti 10. A sa su yi ɗage kamar gajeren mutum a bayan taro, ɗaya ya hau kujera a matsayin bishiya, wani ya kira shi ya sauko. Abu ɗaya ya ishe su tafiya da shi gida: Yesu ya san sunan Zakka. A guji magana mai zurfi. Ka ce wa ɗan shekara 4 Yesu yana ƙwanƙwasa ƙofar zuciyarsa, sai ka ga ya ɗaga riga yana neman ƙofar. Ba wauta ba ce, masanin tunanin yara Jean Piaget ya nuna cewa fahimtar magana mai zurfi irin wannan sai wajen shekara 11 ko 12 take kankama.

'Yan 7 zuwa 11 su ne na fi jin daɗin koyarwa. A miƙa musu Littafi Mai Tsarki su nemo wurin da kansu, a bar su su yi tsere. Suna son lissafi, kuma ba sa yarda da cuta ko kaɗan. Zakka ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu, to in ya zambaci wani tsaba 5, nawa zai biya? Daga nan a gaya musu cewa shugaban masu karɓar haraji ne a Yariko, Romawa yake yi wa aiki, sai su gane dalilin gunagunin jama'a da Yesu ya sauka a gidansa.

Daga shekara 12 zuwa sama, malami ya rage baki. Tambaya nake jefa musu: wane ne a ajinku ba wanda yake son zama kusa da shi? Sai in yi shiru, ko da shirun ya yi tsawo. In wani ya kawo shakka, kada a tsawata masa.

Inda malamai suka yi kaɗan, a buɗe da waƙa da addu'a tare, sannan kowane aji ya kama kusurwarsa. Malamar da ta fi haƙuri a ba ta ƙananan, kuma kada a bar babba ɗaya shi kaɗai da yara, su zama biyu.