Yadda za ku nema wa yankinku shiga cikin wuraren tarihi na ƙasa

Kusan kowane gari a Arewa akwai wani abu da dattawa suke nunawa da yatsa su ce "nan ne aka yi kaza", ko kufai ne, ko ganuwa, ko tsohuwar rijiya, ko dutse mai zane irin na Birnin Kudu. Amma nunawa da yatsa ba ya hana mai kuɗi ya zo da katafila ya baje wurin ya yanka fulotai. A Najeriya hukumar da ke da hurumin kare irin waɗannan wurare ita ce NCMM, wato hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa, an kafa ta a 1979, kuma ta hannunta ake bi har shugaban ƙasa ya ayyana wuri a matsayin wurin tarihi na ƙasa. Hasumiyar Gobarau ta Katsina da Gidan Makama na Kano da kufan Surame, tsohon birnin Kanta na Kabi, duk suna cikin wannan lissafi.

To ta ina ake farawa? Daga gida, ba daga Abuja ba. Ku fara zama da mai unguwa da dagaci da hakimi, in ta kama har fadar sarki, da liman, da waɗanda gonakinsu suke manne da wurin. Nan ne aikin yake wallahi, kuma nan mutane suka fi yin gaggawa. Saboda manomin da ya gaji gonar nan tun kaka da kakanni in ya ji an ce "gwamnati za ta shigo" abin da zai fara zuwa ransa shi ne ƙwace, kuma ba laifinsa ba ne, sai an zaunar da shi an yi masa bayani ɓaro-ɓaro me zai canza me ba zai canza ba, in ba haka ba ranar da jami'ai suka zo shi ne zai fara kai ƙara. Akwai kuma masu ganin duk wani tsohon wuri harkar tsafi ce, su ma kar a raina su, liman ya fi kowa iya wannan maganar.

In an samu haɗin kai sai a kafa ƙaramin kwamiti. Kar a cika shi da 'yan siyasa don Allah. Malamin tarihi ɗaya, dattijo ko dattijuwa mai riƙe da labari, matashi mai iya waya da kwamfuta, da wakilin masarauta sun isa.

Sai tattara hujja. Ku ɗauki hotuna ta kowace kusurwa, ku naɗi muryar tsofaffi tun suna raye, ku nemi tsofaffin takardun ajami in akwai. Sashen nazarin kayan tarihin ƙarƙashin ƙasa na ABU Zariya da Arewa House a Kaduna da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna duk wurare ne da za ku iya samun abin da aka taɓa rubutawa a kan garinku tun zamanin Turawa. Ku sa safiyo ya fitar da iyakar wurin a taswira, domin ba a kare abin da ba a san inda ya tsaya ba. Abu ɗaya dai, kar ku yi tono da kanku, haƙa wurin tarihi ba izini laifi ne a doka, kuma kuna lalata hujjar taku ne.

Daga nan ku rubuta takarda zuwa ga shugaban NCMM ta hannun ofishinsu mafi kusa, suna da gidajen tarihi a Kano da Kaduna da Sakkwato da Katsina da Jos da sauran garuruwa. Ku haɗa da wasiƙar goyon baya daga masarauta da ƙaramar hukuma da ma'aikatar al'adu ta jiha. Za su turo masana su duba. In sun gamsu, sai a buga sanarwa a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, a sanar da mai wurin, a ba da wa'adi ga duk mai ƙorafi, sannan a kai wa shugaban ƙasa. Abin yana cin lokaci sosai, sai kun riƙa bibiya, fayil ba ya tafiya da ƙafarsa.

Masu hangen UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lissafa wuraren tarihi na duniya, su sani wannan wani mataki ne daban, gwamnatin tarayya ce kaɗai take miƙa suna, kuma sai wuri ya fara shiga jerin jira. Sukur da ke Madagali a Adamawa ta shiga ainihin jerin na duniya a 1999, kurmin Osun na Osogbo a 2005, a Nijar tsohon garin Agadas ya shiga a 2013. Ganuwar Kano da Surame suna jerin jira tun 2007.

Amfanin fa? Na farko dai doka ta hau kan wurin, rushe shi ko canza shi ya zama laifi. Sannan ɗalibai da masu bincike da 'yan yawon buɗe ido suna zuwa, samari su samu aikin rakiya, mai abinci da mai acaɓa da marina da dukawa su yi ciniki, kuma in za ku nemi hanya ko tallafin gyara kuna da takardar nunawa. Amma kar wani ya yi muku romon baka cewa kuɗi za su sauko washegari. Ku leƙa ganuwar Kano ku ga yadda gine-gine da masu ɗiban ƙasa suka cinye wurare da yawa duk da sunan da ta yi. Shi ya sa tun kafin takarda ta fito ku tsara wa zai riƙa share wurin, wa zai yi yaɓe kafin damina, kuɗin shiga in an fara karɓa asusun wa za su, kuma a rubuta shi a gaban hakimi kowa ya sa hannu.